Ƙorafi Kan Hoton Hikima da Ke Bakin Titin Alibandeng

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Wayar da Kai Kan Binciken Lafiya,
Libreville.

Daga Chamsou Adda, direban taksi, mazaunin unguwar PK8.

9 ga Yuni, 2025

Game da: hana 'yata Hikima shiga ɗakin bincike, da amfani da hotonta

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon a duba waɗannan abubuwa.

1. Ranar 14 ga Janairu ma'aikatan kwamitinku suka je lakwal, wato makarantar su Hikima, don bayanin daftarin dokar da za ta nuna wa yara aikin binciken lafiya. Hikima 'yata ce ta fari, shekararta goma sha shida, a nan Libreville aka haife ta, da amosanin jini. Ta dawo gida ta ce mana akwai masu duba jini irin nata a madubin likita, kuma aikin da za ta yi ke nan.

2. An zaɓe ta cikin ɗaliban da za su ziyarci ɗakin binciken. Aka ara mata farar riga, aka ɗauki hotonta, aka karɓe rigar.

3. Ranar 20 ga Fabrairu na kai ta da kaina. A bakin ƙofa wani jami'i ya duba takardunta, ya ce 'yan ƙasa kawai daftarin ya ambata, mu kuwa mutanen Nijar ne. Bai yi mana tsawa ba. 'Yan ajinta suka shiga, ita ta zauna cikin mota har suka fito.

4. Ciwon ya tashi a watan Afrilu. Allah Ya karɓi abarsa ranar 3 ga Mayu. Ban ɗora wa kowa alhakin wannan ba, ajali ne.

5. Har yau hotonta na nan a babban allo bakin titin Alibandeng, da rubutun cewa ƙofa a buɗe take ga kowane yaro. Ba a nemi izinina ba, ba a sa sunanta ba. Ta nan aikina yake bi da ni. Fasinja kan yaba yarinyar, ni kuwa in ci gaba da tuƙi. Uwarta Salamatou ta daina bin hanyar.

Saboda haka ina roƙo cikin girmamawa a sauke allon. Ina kuma roƙo, kafin daftarin ya je majalisa, a sa a cikinsa yaran da aka haifa a ƙasar nan ko daga ina iyayensu suka zo. Mairamou, ƙanwar Hikima, tana karanta littattafan da ta bari, ta tambaye ni ko ita za a bar ta ta shiga. Na ce mata zan tambaya.

Allah Ya ƙara girma. Naku mai biyayya,

Chamsou Adda