Yaɓen Ɗakin Gwaggo

Zuwa ga taubashina kuma bawana, Lawandi magini, a wajen ginin jami'a, birni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa gwargwadon abin da ya kamaci bawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyayen gidanka masu siminti. Mu nan bakin Tiga mun gode Allah, in ban da abin da zan faɗa maka. Da ajami na rubuta, wani malamin firamare a Kiru ya juya min ita zuwa boko don a buga a jarida, tunda saƙon baki ya gaji da zuwa wurinka. Na san ba ka karatun boko, amma kana kwana kana tashi a tsakiyar masu yi. Wanda ya fara gani, don Allah ya zagaya bayan sabon bene ya karanta wa wani dogo mai wushirya. Shi ne.

Ni ɗan namiji ne, kai ɗan mace, don haka ko a tsakiyar kasuwar Bebeji na tsige ka ba mai cewa don me. Yau ba wasa ne ya kawo ni ba, sai dai ban iya magana da kai ta wata hanya ba.

Ka tuna lokacin da aka ce ruwan dam zai ci garinmu. Kowa yana cire ƙyaure yana kama kaji, kai kuwa kana kan soron marigayi babanka kana zare azara ɗaya bayan ɗaya. Ka ce kabarinsa dai ba zai ɗauku ba, amma itacen da ya aza da hannunsa ba za ka bar wa kifi ba. Ni na haye kan azarar a bayan mota na kishingiɗa, ina gaya wa mutane kayana ne, kai ɗan dako na ɗauka.

Da aka sauke mu a wannan fili, ɗakin Gwaggo, mahaifiyarka, ka fara ginawa, kafin ma ka yi wa kanka bukka. Ka murza ƙasar wurin a tafin hannunka ka yi tsaki, ka ce ba ta da danƙo, yashi ce da tsakuwa. Da bakinka ka ce: “Ɗakin nan duk shekara sai an yaɓe shi kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba narkewa zai yi kamar gishiri.” Ina wurin, ni nake taka maka ƙasar, ko da yake rabin takun rawa nake yi.

Yaɓenka irin na babanka ne. In ka gama shafe bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, sai ka bi shi da yatsu, daga ƙasa ka lanƙwaso sama, layi bisa layi kamar kunyoyin gona. Ranar na bari ka juya baya na zana kan jaki a jikin ɗanyen bangon, na ce hotonka ne. Ka bi ni da madaɓinka na daɓe ƙasa har bakin ruwa. Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta hana a goge. Jakin yana nan har bara, ruwa ne ya cinye masa kunnuwa.

Sai ga tifar ɗan kwangila tana neman masu hannu, wai za a gina babbar makaranta a birni. Ka ce rani ɗaya za ka yi, kafin hadari ya haɗu ka dawo.

Hadari ya haɗu, ya zuba, ya wuce. Babana ya ce wa Gwaggo bari a kira gayya a yaɓe ɗakin da safe ɗaya. Ta ce a'a. Ta ce bangon da uba ya koya wa ɗa, ba a sa masa baƙon hannu mai shi yana raye. “Yaron nan zai zo,” in ji ta. Ka san ta. Kai ne ɗan farinta, tunda aka haife ni ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Kullum yaron nan, ko mai ginin nan. Ko wani Lawandin ne ya zo sayar da manja, sai ta ce mai sunan yaro.

Da wata daminar ta sake wucewa na bar komar kamun kifi da kwalekwale na biyo ka, ba ka manta ba. Maigadi ya tare ni a ƙofa ya ce ina takardata. Na koma gefe na ɗauki kwanon lebura na kife a kai, na bi bayan masu shiga ina ɗingishi, har sannu ya yi min. A wurin nan kwano a ka ya fi salati buɗe ƙofa.

Lawandi, na ga abin da ya riƙe ka, kuma ba zan yi ƙarya in ce ba shi da kyau ba. Benaye bisa benaye, kwalta shimfiɗe har bakin bayan gida, fitilu a kan dogayen ƙarafa a hanyar da ba kowa. Tankin ruwa ya fi rimin tsohon garinmu tsawo. Na ga wani tsoho da tiyo yana ban ruwa ga ciyawa, na tambaye shi dokin wa ake yi wa. Ya ce ba ta ci ba ce, ta kallo ce, in ta yi tsawo a yanke a ƙone. Shi ya ce min ruwan ma daga wajenmu yake gangarowa. Na tsaya ina kallon garinmu yana fita ta bakin tiyo. A sabon garin kuwa Gwaggo da tulu take zuwa, da wannan ƙafar tata.

Can na hango ka a saman katako, da hular kwano, kana shafe bango da cokalin ƙarfe, sumul, ba alamar yatsa ko ɗaya. Ka sauko muka ci rogo da ƙuli. Na gaya maka bangon gabas ya tsage. Ba ka kalle ni ba, ka ce: “Da an gama wannan benen zan zo.” Na waiwaya bayanka, katafila tana haƙa ramin wani. Na tambayi abokin aikinka yaushe za a gama makarantar gaba ɗaya, ya yi dariya ya ce irin wannan ba a gama ta, bayan ɗakin kwanan ɗalibai akwai na karatu, bayan shi akwai gidajen malamai.

Ban ce kada a gina ba. Ni allo na sani, shi ma Malam ya ce rabin zamana a gabansa kwaɗi nake sa wa mutane a gafaka. Wataƙila wata rana jikan wani daga garinmu ya kwana a benen nan. Amma waɗanda za su kwana a ciki ba za su san sunanka ba, kuma in ka cire hular kwanon nan, kai ma maigadi zai tambaye ka takarda.

Bana tsagar ta kai ƙadangare yana shiga da gudu ba ya rage tafiya. Indararo ya karkace. Idon Gwaggo ya yi rauni, sai da lalube take gane ƙofa, amma ta san inda za ta ajiye ƙwarya in ruwa ya fara ɗiga. Ta ƙi komawa gidanmu. Ta ce in yaron nan ya zo ya tarar da ɗakin ba kowa, zai ce ta raina aikinsa.

To sai na yi abin da na iya. Aka yi suna a Ɗangora, na sa Innata ta tafi da Gwaggo ta kwana biyu. Na tara samarin bakin ruwa, muka kwaɓa ƙasa, muka jiƙa makuba, muka toshe tsagar, muka yaɓe ɗakin ciki da waje. Na bi bangon da yatsu ina kwaikwayonka, har harshe na ciza kamar yadda kake yi. Na haɗa baki da kowa a unguwa, har yara, cewa ka zo a motar kamfani, ka yi aikin, an sake tafiya da kai ba ka samu jiranta ba. Na sayo sabulu da goro na ajiye a kan gadonta, na ce tsarabarka ce. A duk tsiyar da na shirya a duniya ba wadda na gyara kamar wannan.

Ta dawo da la'asar. Na tare ta da labari tun daga zaure, har da yadda ka yi ƙiba. Ta ajiye ƙullinta, ta lalubi bango, ta aza tafin hannu. Ta bi layin yatsun a hankali daga ƙasa zuwa inda hannunta ya kai, ta matsa gaba ta sake bi.

Sai ta ce: “Wannan hannun mai jan koma ne. Lawandi ba ya yaɓe haka.”

Ka ji abin da na rubuta? Wanda yake karanta maka ya maimaita. Sunanka ta faɗa, a tsakar gida, gaban yara. Inna ta rufe baki da mayafi ta shige ɗaki. Ni kuwa na ɓoye hannuwana a baya, da ƙasa a farce.

Ba ta yi min faɗa ba. Ta sa min albarka, ta raba goron, ta kwana a ɗakin. Washegari ta ciro madaɓinka daga ƙarƙashin gado, inda take ɓoye da shi tun tafiyarka, ta miƙo min ta ce in riƙe, daɓen ma ya farfashe. Tun daga ranar in an ji ƙarar mota a hanya ta daina ɗaga kai.

Ɗakin ba zai faɗi bana ba, wannan ka kwantar da hankalinka, ka shafe benenka. Abin da ya tsage yanzu ba na makuba ba ne, kuma ni ban iya kwaikwayonsa ba. Ban sani ba ko kewa ce ta fi ƙarfin kunyarta, ko kuwa ta sauke ka ne daga inda ake jin kunyar mutum. Na kasa tambayarta. Kai kaɗai za ka gane, in ka yi sallama a zaure ka ji da sunan da za ta amsa.

Ka zo, ɗan Gwaggo. Ba sai da tsaraba ba, na riga na kai maka. Ba zan sa maka ƙaiƙayi a tabarma ba, ba zan ce maka bawa ba har ka koma. Yaɓena ya karkace ta wajen gabas, ka zo ka zage ni a kai, ka kankare ka sake, ta ji ƙarar hannunka a bango tun tana iya ji.

Allah ya tsare ƙafarka a kan katako, ya sauko da kai lafiya. Allah ya jiƙan babanka a ƙarƙashin ruwa, ya ba Gwaggo tsawon kwanan da za ta sake ce maka yaron nan. Amin.

Ni ne ubangidanka, mai riƙe da madaɓinka aro,
Sabi'u, bakin ruwan Tiga.