Ka Bar Jirgin a Ɗaure, Baba

Tromsø, 14 ga Mayu

Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya gwiwar? Ya kamun kifi? Ni lafiya lau, kuma ina shan maganina, ba sai ka tambaya ba.

Sati uku ke nan ina fere kifi a masana'anta. Garin nan ya yi mini girma, sau biyu ina hawa bas ɗin da ba nawa ba. Shugabarmu Gudveig ta ba ni wuƙa da ƙugiyar rataye ta, ta rubuta sunana a sama. Na miƙa mata takarda, na ce ina da ciwon da ke cilla ni sama ya jefo ni ƙasa, in ta ga na fara ta faɗa mini ido da ido. Ta ce, "To, ni kuma basir gare ni. Je ki yi aiki."

Ka ce in dawo tsibirinmu kafin watannin da rana ke kwana ba ta faɗi ba a nan arewa, don hasken ne ke tayar mini da ciwon. Na sani. Ban manta ina 'yar sha ɗaya na saci jirginka na kamun kifi wai zan je in zama sarauniyar Iceland ba. Ina sha biyar na kwanta wata huɗu a ɗakina na saman gidanmu, makaranta ta wuce ni. To yanzu shekarata ashirin da uku. Na toshe taga da baƙin bargo. Ba zan dawo ba.

'Yarka,
Oddny

19 ga Yuni

Babana,

Ina gaisuwa, ya gwiwar? Daga asibiti nake rubutu. Zauna tukuna ka karanta.

Kwana biyar barcina bai wuce awa biyu ba. Ji nake kamar ni na kunna ranar. Na fere kifin mutum uku, sannan na haye akwati ina koya wa kowa aikinsa. Gudveig ta ce, "Sauko, 'yar nan, bakinki ya fi wuƙarki gudu. Takardar da kika ba ni ce ta aiko ni." Na zage ta tas, Baba, a gaban kowa. Amma na rataye wuƙar, na hau bas zuwa asibiti, wanda ya dace wannan karon.

Na san ka fara kwance igiya. Ka bar jirgin a ɗaure. In ka ɗauke ni yanzu, ba zan ƙara barin ɗakin nan na sama ba.

Oddny

6 ga Agusta

Babana,

Da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, ciwon ne ya jefo ni ƙasa. Kwana tara ko goge baki ban iya ba. Likita ya ce ciwon zai sake dawowa. Na ce ya dawo, ya san gidan.

Jiya na koma masana'anta, na ɗauka an kankare sunana. Wuƙata tana nan, har an wasa ta. Gudveig ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "An gama hutu, ranki ya daɗe? Kifin bai fere kansa ba."

Sau shida kana ɗaukata ka kai ni asibiti ina shure-shure. Bana da ƙafata na je, da ita na dawo. Ka zo ran Asabar a jirgin haya kamar kowane baƙo. Ka taho da busasshen kifi, ban da akwatin kwashe kaya. Litinin ƙarfe shida ina da aiki.

Taka har kullum,
Oddny