Tambayar Ayashe

Zuwa ga Yaya Malam,

Gaisuwa da girmamawa. Ina gajiyar hanya, ina lafiyar iyali? Mu nan Dutse lafiya, alhamdu lillahi.

Bayan haka, jiya 'yarka Ayashe ta dawo daga rijiya tana kuka. Ta ce, "Gwaggo, yara sun ce sunana ne ya bi ni, shi ya sa da Nasara suka zo Baba ya yashe ni." Na gaya mata 'ya'ya uku ka binne kafin ita, aka kira ta haka don mutuwa ta raina ta. Sunanta na yanka kuwa Hauwa'u, sunan mahaifiyarmu. Sai ta ce, "Baba yana tune da shi?"

Don Allah, Yaya, ka rubuto mata amsa da hannunka. A sa mu a addu'a, a gaida mutanen gida.

Wassalam, ƙanwarka Amina.