Jan Biro da Shuɗin Biro

Da sunan Allah Mai rahama. Yau Talata, sha huɗu ga Maris, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Ina gado na shida a ɗakin maza, kusa da taga. Gobe ƙarfe takwas za a yi mini aikin zuciya, kuma likita ya ce cikin mutum goma takwas kan tashi. Hankalina ƙalau yake. Ba a ba ni maganin barci ba tukuna, sau biyu na tambayi nas don in tabbatar.

Zuwa ga 'ya'yana, Malama da Auta. Mamanku za ta ajiye wannan har ku iya karatu.

1. Takardar digirina ta ƙididdiga, wadda na karɓa kwana ashirin da uku da suka wuce, ta Malama ce. Agogona na Auta ne. Yana gudu da minti uku. Kada a gyara, da shi nake samun jam'i.

2. Akwai littafi mai koren bango a ƙasan akwatina. Tun shigata jami'a nake rubuta sallolina a ciki: shuɗin biro idan na yi a kan lokaci, ja idan ta wuce ni. A shekara huɗu, ja ɗari shida da sha ɗaya ne, yawanci asuba. Na rama duka sai arba'in da bakwai. Liman ya ce ba wanda ke rama wa wani, sai dai addu'a. Ita nake roƙo.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Mako biyu kafin kowace jarrabawa, babu ja ko ɗaya. Sakamako na fitowa, ja ya dawo kamar an aika masa. Sau takwas ke nan. Na kuma zaci alheri zai riƙa bin shuɗi, amma ban ga haka ba. An haifi Auta lafiya, bayan likitoci sun girgiza kai, a watan da ya fi kowanne ja: talatin da ɗaya. Sau uku na sake lissafin.

3. Baffanku bakanike, ƙanena. A wani mako da shafina ya yi shuɗi tas, na je garejinsa, na buɗe masa littafin a gaban abokan aikinsa, na ce ya dubi yadda ake bauta. Shafi ɗaya kawai na nuna masa. Wata goma sha huɗu bai tako gidanmu ba. Jiya ya zo ya ba ni jini, da baƙin mai a farcensa, ya ce in yi haƙuri, jininsa ja ne ba shuɗi ba. Ni ne da laifi, na kuma faɗa masa. Ku nuna masa sauran shafukan. Idan babu ni, shi ne ubanku.

4. Ku yi sallah. Kada ku bar ta yau don kun bar ta jiya, kada kuma ku auna kowa da makonku mafi kyau.

Ku riƙe juna, ku riƙe mamanku, kada ƙafarku ta ɗauke daga gidan Baffa. Allah Ya yi muku albarka, Ya rufa muku asiri yadda Ya rufa mini.

Abubuwan da ban sani ba har zuwa wannan lokaci:

Ko ina cikin takwas ko cikin biyu.

Ko shuɗin nan duka an karɓa. Lokaci kawai na rubuta, ban rubuta inda hankalina yake ba.

Kwanana sha ɗaya a gadon nan ba ja ko ɗaya. Ban sani ba ko son Allah ne, ko wata jarrabawar ce kawai.

Ko zan ɗore idan na tashi. Lissafina ya ce a'a.

Dalilin da ya sa Allah bai gaji da ni ba. Wannan ban samo shi a kowane shafi ba, kuma da shi kaɗai zan shiga gobe.