Batirin Babur ɗin Baba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya ciwon bayan nan naka? Inna tana gaishe ka. Tunda waya ba ta shiga inda kuke aikin hanyar, na ba direban kamfaninku wannan takarda.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ka san wata bakwai ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, babur ɗinsa kuma yana zaure lulluɓe da tsohon zanen gado. Abin da ba ka sani ba shi ne, kullum da safe sai na tayar da shi na minti biyu, Baba yana saurare daga ɗaki. In ya ji ƙarar sai ya gyaɗa kai, ya sha magani, ya yarda mu kama shi ya taka ƙasa kamar yadda likita ta ce. Mutumin da ya shekara ashirin da shida a kansa yana bin ƙauyuka yana duba dabbobi, ai ba kallon ƙarfe yake yi masa ba. Kwanakin baya, da maganarsa da ke fita da ƙyar, ya ce wa Inna ranar da babur ɗin ya ƙi tashi, shi ma tasa ta ƙare. Inna ta ce ya daina yi wa kansa mugun baki. Ni dariya na yi.

Ranar Talata na danna maɓalli, ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru. Na sake dannawa, ko fitila ba ta kawo ba. Kik ɗin da ake tayar da shi da ƙafa kuwa, ka san wanda ya karya shi, ba sai na kama suna ba. Na shiga na ce wa Baba mai ne ya ƙare. Ya yi mini kallon nan nasa, don a gabansa na wuce da galan ranar Lahadi, sannan ya juya fuskarsa bango.

Yau kwana biyu bai sha magani ba, abinci sai lomar da Inna ta roƙa. Tsoro nake ji, Yaya.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Amsarka ta iso, na kuma karanta inda ka ce a sayar da babur a huta. Ban gaya wa kowa ba, kai ma kada ka sake rubutawa. Wanda ke nesa shi ke ganin abu da sauƙi.

Na ciro batirin na kai wa Mai Sifana, bakaniken nan na bakin kasuwa. Ya ɗora masa na'ura ya ce ya mutu murus. Da na ba shi labarin yadda nake kula da babur ɗin kullum, ina jiran yabo, sai mutumin nan ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce ai ni na kashe batirin. Wai duk tayarwa ɗaya tana cin wuta mai yawa, minti biyu a tsaye kuma ba ya mayar da abin da aka ci. Kullum ina ɗiba ba na zubawa, wata bakwai cur.

Ya jera mini iri biyu. Akwai mai ruwa, wanda sai ana duba shi ana ƙara masa ruwan batir, akwai kuma rufaffe da ba a zuba masa komai, ya fi jure zama. Na ga wani ƙato na ce shi nake so, ya fi ƙarfi. Ya ce, “Ƙanwata, takalmi ne, ba a sayen wanda ya fi ƙafa.” Ya gwada da tsohon, tsawo da faɗi da lambar da ke jikinsa, muka ɗauki rufaffen. Ya ce zai kwana a caji, gobe ya zo ya ɗaura da kansa.

Sharaɗinsa ne ya tsaya mini a wuya. Ko dai a hau babur ɗin a yi tafiyar rabin awa duk mako, ko a cire baƙar waya a bar shi ya huta, a riƙa kai batirin caji duk wata. Tayarwar safe kuwa ya ce a daina. To da wane baki zan gaya wa Baba cewa ƙarar da ke tashinsa ita ce ke kashe babur ɗin?

Yau kwana huɗu. Likita ta zo ta auna jininsa, ta fito ta ce in ya ƙara kwana biyu a haka sai asibiti. Inna ta rame.

Ka sa mu a addu'a.
Ƙanwarka, Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka, da fatan jikinka da sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Mai Sifana bai zo ba. Na jira har rana ta take, na je na tarar an kira shi wani aiki, sai maƙwabcinsa ya miƙo mini batirin. Na dawo na ce in ma zan ɓata, gara in ɓata da in zauna ina kallon bayan Baba. Ni da Inna muka turo babur tsakar gida, daidai ƙofar ɗakinsa, na ɗage labule. Bai juyo ba.

Na zura batirin a gidansa. Wayoyi biyu ne, ja da baƙa, kowace na ga ta faɗo kusa da wani ƙarfe, na ce ai shi ke nan, kowa ya ga gidansa. Ban san na sa batirin a juye ba. Na kama jar waya zan ɗaura ta inda baƙa take zama, sai na ji kofi ya faɗi a ɗaki. Na ɗaga kai. Baba ne a bakin ƙofa, a tsaye, ya dafe bango da hannunsa mai lafiya, yana jan ɗayar ƙafar. Babu wanda ya kama shi. Inna ta yi salati za ta ruga, ya harare ta ta tsaya.

Ya ce, “Juya shi.” Na juya. Ya ce, “Ja tukuna.” Na ɗaura ja a wurin alamar tarawa, sannan baƙa. Ya sa na ƙara matse noti, ya sa na shafa ɗan man giris. Daga baya Mai Sifana ya ce da na haɗa a juye, da na ƙona wayoyin. Na danna maɓalli, bugu ɗaya ya tashi, ni kuwa na fashe da kuka kamar ƙaramar yarinya.

Da na share hawaye na daure na gaya masa maganar tayarwar safe. Ashe ya sani, ya fi ni sani, kewar ƙarar ce ta hana shi faɗa. Yanzu mun yi tsari: duk Asabar Mai Sifana zai zagaya da shi rabin awa. Sauran ranaku Baba ne ke zuwa zaure da kansa ya taɓa wayoyin ko sun saki. Taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga, jiya kuma sau ɗaya kawai ya huta. Ya sha maganinsa, ya kuma yi mitar gishiri ya yi kaɗan a miya.

Ɗazu ya tambaye ni shekara nawa irin wannan batirin yake yi. Na ce an ce biyu, in an kula. Sai ya ce in rubuta maka: na gaba shi zai je ya zaɓo da ƙafarsa, don ni ban san komai ba.

In za ka dawo, ka taho da kik.

Taka har kullum,
Auta