Tafiyar Baba a Lungun Kanti

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yaran. Ya aiki? Mu ma lafiya lau, in ka cire ciwon kan da zan ba ka labarinsa. Na zaɓi in rubuto ne don in na kira ka a waya, kafin in kai tsakiyar magana ka ce min kana cikin taro.

Ka san lungun nan na bayan babban kanti, wanda yake ɓullewa daga layinmu zuwa shagon aski. Tun da Baba ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki likita ya ce lallai ya riƙa tafiya kullum, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Ta lungun yake bi kowace safiya, ya je ya zauna da tsofaffin abokansa wajen mai aski, su gyara duniya da baki, ya dawo. Tafiyar nan ita ce maganinsa, ita ce kuma kaɗai abin da ya rage yana yi ba tare da na sa masa hannu ba.

To, an rufe lungun. Makon jiya wata yarinya mai aiki a kantin ta tashi daga aiki da yamma, wani ya tare ta a wurin, ya fizge jakarta, ya hankaɗe ta ta karye a hannu. 'Yan sanda suka zo suka ce a nuna musu abin da kyamara ta ɗauka. Yaya, kantin nan kyamara ta fi ma'aikata yawa. Akwai mai kallon madara, akwai mai kallon sabulu, akwai masu gadin motocin masu sayayya. Amma inda mutane ke bi da ƙafa, ko ɗaya babu. Maimakon su ji kunya su saka, sai suka kira mai walda ya liƙe ƙofar lungun. Ɓarawon yana can yana yawonsa, mu aka ɗaure.

Yanzu mai son zuwa can sai ya zagaya ta babban titi, inda babu gefen tafiya sai kwata a buɗe. Baba ya gwada sau ɗaya ban sani ba. Wata babbar mota ta wuce shi har iskarta ta cire masa hula, wani mai shago ne ya rako shi gida. Tun ranar yana kan kujera da rediyonsa. Komai na yi sai ya yi ƙorafi, wai abincina ba gishiri, keken ɗinkina ya cika ƙara, labule ma ban iya ɗagawa ba. Ni da shi muna gida ɗaya kamar an kulle zakara biyu a akurki.

Gobe zan je wajen manajan kantin. Ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Auta


Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti, da fatan ƙaramin ya warke daga tarin. Saƙonka ya iso. Ka ce Baba ya riƙa zagaya falo, ai tafiya tafiya ce. Na gode da shawara. In ka zo ka faɗa masa da bakinka, ni ina son kunnuwana.

Manajan kantin nan, ban taɓa ganin mai murmushi ba ya cewa komai irinsa ba. Na je ya ce umarni ne daga sama. Na koma ya ce ana dubawa. Na sake komawa aka ce ya fita, alhali ina hango takalminsa ta ƙasan ƙofa. Da na ga zai mai da ni 'yar aike, sai na bi layinmu gida gida. Ashe ba mu kaɗai abin ya dama ba. Matar nan mai tura mijinta a keken guragu, da iyaye masu kai yara makaranta, da mai askin kansa da ciniki ya tsaya masa, duk muka taru muka cika masa ofis. Na ce masa kullum haka za mu riƙa zuwa, kuma ba abin da za mu saya. Ranar dai murmushin ya ɗauke.

Sun saka kyamarar, sun buɗe ƙofar. Sun haɗa da lasifika a jikin bango, da wani allo da aka rubuta an hana tsayuwa a lungun. Wai ɓarawon ya daɗe a tsaye yana jira kafin ya yi aika-aikar, don haka duk wanda ya tsaya abin zargi ne. Ban damu da allon ba, ni dai an buɗe.

Da ka ga Baba shekaranjiya. Ya sa na goge masa riga, ya shafa turare, ya ɗauki sandarsa. Na ce in raka shi, ya harare ni ya ce shi ba ɗan yaye ba ne. Wallahi na ji daɗin hararar nan, na yi kewarta.

Ƙafar ta ɗan yi nauyi saboda zaman da ya yi, amma ya ce min garau yake ji. Ka kira shi, yana cikin nishaɗi.

Taka,
Auta


Yayana,

Da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri yau gaisuwar gajeriya ce, raina a ɓace yake.

Baba ya daina fita. Ƙofa a buɗe, kyamarar da na yi ta haƙilo a kanta tana nan, shi kuma ya koma kujera. Na tambaye shi ya ce hirar tsofaffin ce ta ishe shi. Har faɗa na yi masa, na ce na zubar da mutuncina a ofishin mutane saboda shi. Sai kawai ya ƙara sautin rediyonsa.

Mai aski ne ya faɗa min gaskiya. Wai Baba yana cikin lungun ya tsaya, sai lasifikar nan ta ɗauka da ƙarfi, tana cewa tsoho mai sanda ya wuce, ba a tsayuwa a nan. A gaban mata da 'yan makaranta. Washegari ma haka. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana koyarwa, rabin layin nan ɗalibansa ne, shi ake kora da lasifika kamar akuya ta shiga gona.

Ban ko yafa mayafi daidai ba na nufi ɗakin masu gadin kantin, inda suke kallon kyamarar. Na faɗi abin da na faɗa, wasu ma ba za su rubutu ba. Babbansu ya ce shi doka aka ba shi, ba ya iya gane tsayuwar gajiya da ta mugunta a allon kyamara. Don ya wanke kansa sai ya kunna min hoton ranar, in ga da idona daɗewar da Baba ya yi.

Na gani, Yaya. Baba yana shiga lungun, da ya tabbata ba kowa, sai ya jingina da bango. Ya sa hannunsa mai lafiya ya kama wandon ya ɗaga ƙafar ya ajiye gaba. Ya ɗan matsa, ya sake tsayawa yana haki. In wani ya taho sai ya yi kamar yana duba agogo. Haka ya yi ta yi har ƙarshe. A dawowa kuma, daf da inda lungun ya ɓullo layinmu, ya tsaya ya share zufa, ya gyara hula, ya miƙe ƙirji, sannan ya fito yana takawa kamar ba komai. Daidai nan ne tagar da nake ɗinki take hangowa. Kullum ina ganinsa ina cewa Baba ya samu sauƙi, har ina rubuto maka.

Masu gadin sun yi alkawari ba za su ƙara yi masa magana ba. Na faɗa masa an cire dokar, ya ce ya ji, bai motsa ba. Ai yanzu ya san akwai ido a wurin, kuma lungun ne kaɗai inda yake iya gajiya ba wanda ya gani. Ni na sa aka saka idon, ina ta murna.

Bai san na kalli hoton ba, kada ka kuskura ka faɗa masa. Ba zai yarda ya riƙe hannuna ba, na gwada har na gaji, ƙafar kuwa kullum ƙara nauyi take. Amma kai in kuna tafe kuna hira, kafaɗarka tana kusa, zai dafa ya ce tsokanarka yake yi. Kada ka aiko min da shawara, kada ka ce sai hutun ƙarshen shekara. Ka zo cikin makon nan, ka bar sumarka yadda take, ka ce masa aski kake so kuma ka manta hanyar shagon.

Ƙanwarka da ke jiranka,
Auta