Usur Ɗin Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na rubuto ne don in na ɗauki wayarki zan faɗi abin da ba zai gyaru ba.

Ke kika zo har shagona, kika janye kujera kusa da keken ɗinki, kika ce in bar Auta ta je kwanan makaranta. Wai manyan ɗalibai za su koya wa ƙanana shugabanci, ku malamai kuna ofis kuna jira. Na ce yarinyar nan tana da asma. Kika ce ai 'yarki Doguwa ce shugabar rukuninsu, kuma kowane shugaba yana da usur, da an busa za ku fito. To ga shi na tarar da 'yata a gadon asibiti da roba a hanci. Nas ta ce da an ƙara minti goma, da yanzu wata maganar ake. Kuma ba wanda ya ji usur.

'Yar shekara sha shida kuka ɗora wa ran 'yata! Na rubuta takardar ƙorafi, ranar Litinin a taron iyaye zan miƙa wa shugaban makaranta. A cire Doguwa, a rufe shirin. Ki gaida gida.

Ƙanwarki

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ga abin da na sani. Da safe rukuninsu ke da sharar zauren da suka kwana. An ɗaga katifu, ƙura ta tashi. Doguwa tana bakin famfo da bokiti, da ta dawo ta tarar da Auta a durƙushe bayan allo. Ita ta goyo ta har ofis, ba ko takalmi. Na tambaye ta ina usur, ta ce laifinta ne. Na tsare ta sau uku, amsar dai ɗaya ce. Kwana biyu ke nan ba ta cin abinci sai na yi da gaske.

Ba zan roƙe ki ki janye ba, haƙƙinki ne. Amma raina ya sosu, domin yara sittin ne a shirin nan, kuma na san Doguwa tana rufe wani abu. Ki tambayi Auta a hankali, ba da muryar da kike tambayarta ba kullum.

Yayarki

*

Mama,

Ina wuni. Na sa wannan a aljihun jakarki don ba zan iya faɗa a gabanki ba.

Usur yana wuyana. A shirin, shugaba tana ba wa ƙaramin cikin rukuni usur ɗin ya riƙe na awa biyu, shi ne mai kula da kowa. Yaya Doguwa ta zaɓe ni. Ba a taɓa ba ni riƙon komai ba, Mama, ko kwano kina cewa in ajiye kar in gaji. Ta ce kar in yi shara, in tsaya a waje. Ni na ɗauki tsintsiya da ta tafi ɗiban ruwa.

Da ƙirjina ya fara, maganin shaƙata yana can ƙasan jaka. Na riƙe usur ɗin, ina iya busawa. Sai na tuna za ki ce dama kin faɗa, kuma ba zan sake fita ko'ina ba. Shi ya sa na ɓuya bayan allo. A mota, a hanyar asibiti, na roƙi Yaya Doguwa kar ta gaya miki.

Don Allah kar a cire ta. Ki yi haƙuri.

Autarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta abin da Auta ta rubuta, na rufe shago na yi kukana. Ashe 'yata ta fi tsoron bakina a kan mutuwa.

Zan zo taron Litinin, amma da magana ɗaya: kowane yaro mai ciwo, maganinsa ya kasance a jikinsa. Na ɗinka mata 'yar jaka mai igiya da za ta rataya tare da usur. Ki turo min Doguwa gobe, akwai takalminta a wurina, na tarar da shi cikin kayan Auta, kuma akwai haƙurin da zan ba ta.

Ƙanwarki